Lambun bokiti a gidan haya: ganyen da za ka fara da shi, da wanda zai ɓata maka lokaci

'Yan uwa mazauna Kudu, na Agege da Idi-Araba da Mile 12, na Sabo a Ibadan da Shagamu, na Ama Hausa a Owerri, na Bogobiri a Kalaba, da duk inda neman halak ya kai mutum. Daga Jalingo nake rubuto muku.

Ni dai ba malamin gona ba ne. Sakandare na gama, na bi mahaifina harkar shanu. Na sha bin tirela daga kasuwar Iware zuwa Lokpanta a jihar Abiya, wani lokaci har Oko-Oba a Legas. Saboda haka na san irin gidajen da yawancinku ke zaune: ɗaki ɗaya ko ciki da falo, tsakar gida an shafe ta da siminti, maƙwabta sun kai goma, mai gida kuma idonsa na kan komai. Na kuma san yadda uwargida ke aiken yaro ya sayo ganye, ya dawo da ɗan ƙulli wanda ya kwana biyu a mota, ya yi yaushi, kuɗinsa kuma ya ninka na gida.

Abin da nake so in faɗa muku a taƙaice shi ne: ko ba ka da ƙasa ko taku ɗaya, bokiti biyar sun isa su ba ka ganyen miya da na shayi kusan duk shekara. Amma da sharaɗi. Sai ka zaɓi abin da tukunyar gidanka ke ci, kuma abin da zai iya rayuwa a garin da kake, ba a garin da aka haife ka ba. Ni sau biyu na yi asara kafin in gane wannan.

Yadda abin ya faro

Tun 2022 man dizal ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin lodin shanu ya bi shi. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sai komai na kasuwa ya ƙara tashi. Baba ya yi tafiya biyu a jere yana dawowa da uwar kuɗi kawai, babu riba. A gidan falke, in haka ta faru, kuɗin cefane ne ke fara jin jiki. Wata rana da yamma na ji Inna tana ce wa ƙannena, "Yau miyar sai haƙuri." Ba ta ƙara komai ba, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ga mu da bayan ɗaki babu komai sai karikice, ga kashin shanu muna takawa kullum, amma lawashin naira 100 sai an je kasuwa.

Ku da kuke Kudu kun fi mu sanin zafin wannan. Waɗanda suke Legas da Ibadan a ƙarshen Fabrairun 2021 ba su manta ba, lokacin da ƙungiyar fataken abinci da shanu ta dakatar da lodi zuwa Kudu na kusan mako guda, tumatir da albasa suka zama abin kallo. Bokiti biyar ba za su maye gurbin tirelar Arewa ba, kada in yaudare ku. Amma suna rage yawan ranakun da za a ce miya sai haƙuri.

Asarar farko

Na tashi da zafi-zafi. Na tara bokitai da buhuna, na shuka abu goma sha ɗaya a rana guda, har da tafarnuwa da kanumfarin da na ɗebo daga gwangwanin Inna. Na sharo ɗanyen kashin shanu daga cikin tirela na cika su da shi, a tunanina yawan taki shi ne yawan albarka. Kuma a watan Maris na yi wannan aiki, lokacin da zafin Jalingo ke kaiwa maƙura. Cikin mako uku komai ya ƙone, sai zogale ɗaya da ciyawar shayi suka tsira.

Akwai wani dattijo mai lambu a bakin Mayo Gwoi da muke sayen alayyafo a wurinsa. Na je na zayyana masa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ɗana, a cikin sha ɗayan nan, nawa ne innarka ke sa wa a tukunya kowane mako?"

Na ƙirga na ce, "Huɗu, Baba."

Ya ce, "To sauran bakwan wa ka shuka wa? Taura biyu ma ba ta taunuwa, kai ka ɗebo sha ɗaya."

Daga wannan zama na fito da tambayoyi uku, kuma su nake ba duk wanda zai fara.

Tambayoyi uku kafin ka sayi komai

Ta farko: me ake dafawa a gidanka? Ka tambayi mai girkin, ita ta san abin da take aike a sayo kusan kullum. Shi za ka shuka. Ganyen da ba a ci, ko ya yi kyau, ba zai daɗe yana samun ruwa daga hannunka ba.

Ta biyu: rana nawa wurin ke samu? Ka ware yini guda, ranar da ba ka fita, ka duba wurin da hantsi, da azahar, da la'asar. In rana na dukansa awa biyar zuwa shida, kusan komai zai yi. In awa biyu zuwa uku ce, kamar lungun da bene ya tsare, to na'a-na'a da citta da kurkum ne naka, su suna jure inuwa.

Ta uku: ruwa daga ina? In a hannun 'yan ga-ruwa kake saye, kada ka wuce bokiti biyar. Ruwan alwala da ruwan wankin shinkafa da na wankin ganye duk suna yi, ka ajiye roba ɗaya a tara su. Ruwan da aka yi wanki da omo ko bilic kuwa kada ya kusanci shukarka. In rijiyar unguwarku na da ɗanɗanon gishiri, kamar yadda ake samu a wasu unguwannin bakin ruwa a Legas, gara ka tari ruwan sama.

Biyar na farko

Lawashi. Babu abin da ya kai shi sauƙi. In ka sayo albasa mai ganye, ka yanke ganyen ka yi amfani da shi, ka bar gindin mai saiwa tsawon rabin yatsa, ka binne shi da kan a waje. Cikin 'yan kwanaki za ka ga toho. Ƙananan albasar da suka fara tsiro a kwando, waɗanda ake shirin zubarwa, su ma haka. Ana yanka ya sake fitowa sau biyu ko uku, daga nan sai ya yi rauni ka sa sabo. Da shi nake so yara su fara, don ba ya sa a jira.

Na'a-na'a. Ba a wahala da irinta. Ka samu reshe ɗanye tsawon tafin hannu, ka fige ganyen ƙasa, ka tsoma a kofin ruwa kana sauya ruwan bayan kwana biyu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga fararen saiwoyi, sai ka dasa. Tana son danshi da ranar safe, ba ta son ranar azahar mai ƙuna. Abu ɗaya: ka ba ta mazubinta ita kaɗai. Tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, duk wanda ka haɗa ta da shi sai ta shaƙe shi.

Ɗoɗɗoya. Wasu na cewa daddoya. Ita ce Yarabawa ke kira efirin, Inyamurai kuma nchanwu, don haka duk kasuwar da ka shiga a Kudu za ka same ta, kuma ƙasar Kudu ta karɓe ta sosai. Ana dasa reshenta kamar na'a-na'a, amma ita rana take so. Farfesun kayan ciki ko na kifi in babu ita ai da saura. In ta kai kamu ɗaya ka tsinke kanta, sai ta fitar da rassa biyu a maimakon ɗaya. In ta fara fure ka cire, don da zarar ta mai da hankali kan iri ganyen ke raguwa.

Ciyawar shayi. Ina nufin ciyawar nan mai dogon ganye da ƙamshin lemun tsami. Mu 'yan Taraba muna taƙama da ganyen shayin Kakara na tsaunin Mambila, amma ko shi in aka jefa masa ganye biyu na wannan ciyawa da ɗan na'a-na'a sai ya zama wani abu daban. Ka roƙi wanda yake da ita ya ɓalle maka gindi biyu ko uku masu saiwa, ka datse ganyen, ka dasa a babban bokiti a cikin rana. Ita ce ta tsira daga ɗanyen takin da na kashe sauran da shi, wannan kaɗai ya isa shaida. Ka kula da gefen ganyenta, yana yanka kamar reza.

Alayyafo ko lalo. Waɗannan su ne masu cika tukunya. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, sai ka gauraya shi da yashi ka barbaɗa a faffaɗan mazubi, ka rufe da ƙasa sama-sama. Mako uku zuwa huɗu ka fara ci. Lalo kuwa, wanda Yarabawa ke kira ewedu, irinsa na da taurin ɓawo, shi ya sa mutane ke shukawa ya ƙi fitowa su ce iri ya mutu. Dabarar ita ce ka ƙulle irin a tsumma, ka tsoma a ruwan da aka sauke daga wuta yanzu, ka ƙirga goma ka cire, ka shanya a inuwa ya sha iska, sannan ka shuka.

In hannunka ya faɗa

Bayan wata uku, in biyar ɗin nan na raye, to ka ƙara.

Zogale na so a ba shi wuri mai zurfi, kamar rabin duro. Iri na fitowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. In ya kai ƙugunka ka datse kansa, kada ka ji tausayi. In ka bar shi zai miƙe ya zama sanda, ganye uku a can sama. Babban maƙiyinsa ruwa mai kwanciya.

Shuwaka, wato ewuro ko onugbu, reshe kawai ake sokawa a ƙasa mai danshi. A Kudu ba ta da wata matsala.

Yakuwa da rama a farkon damina ake shuka su. Dalili shi ne suna yin fure ne idan yini ya fara gajarta, wajen watan Oktoba. In ka makara, za su yi fure tun suna gajeru, ganyen bai taka kara ya karya ba. Ga wanda ke kewar kwaɗon rama ko miyar yakuwa a Fatakwal, buhu biyu sun isa su kashe ƙwalama.

Citta da kurkum na masu haƙuri ne, sai sun yi wata takwas zuwa goma. Ka zaɓi ɗanya mai ƙwari wadda ta fara fitar da ido, ka karya ta gida-gida kowanne da idonsa, ka bari wurin karayar ya bushe kwana ɗaya ko biyu, ka binne ba da zurfi ba a cikin buhu. In ganyen ya yi rawaya ya kwanta, ta nuna. Tun da cuta ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, wajen Kachia da kewaye, kowa ya ga yadda kuɗinta ya tashi. Don haka buhu ɗaya a lungu ba wasa ba ne. Amma duk wadda ka ga ta yi laushi ko tana wari, kada ka shuka.

Waɗanda za su ɓata maka lokaci

Tafarnuwa da albasa mai kai suna son sanyin hunturu da busasshiyar iska. Shi ya sa ake noma su da rani a Sakkwato da Kebbi da Kano, Aliero ma da albasa aka san ta. A laimar Legas ko Fatakwal za ka samu ganye, amma kai sai dai ka ji labari. Kanumfari kuwa tohon furen wata bishiya ce da ake nomawa a wurare irin su Zanzibar da Indonesiya, an busar da shi, ba iri ba ne balle ya tsiro. Ni na shuka shi, ƙannena har yau suna tsokanata. Kimba da girfa su ma daga manyan bishiyoyi suke. Waɗannan ka bar wa mai kayan yaji.

Mazubi, ƙasa da taki

Kada ka sayi tukunyar fulawa. Tsohon bokitin fenti mai lita 20 da aka wanke tas, jarkar man gyaɗa da aka yanke, bahon da ya tsage, buhun shinkafa, duk suna yi. Abin da za ka guje wa shi ne duk mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, maganin ciyawa ko baƙin mai. Ka ɗora ƙusa a wuta ka huda gindin kamar wuri takwas zuwa goma.

Haɗin ƙasa kashi huɗu nake yi: biyu baƙar ƙasa, ɗaya ruɓaɓɓen taki, ɗaya yashi ko ɓuntun shinkafa. Kada ka ɗebo ƙasa a bola, ko bakin kwata, ko garejin makanikai, don abin da ke cikinta zai iya ƙarewa a cikin miyarka. In babu inda za ka haƙa, masu sayar da fulawa a bakin titi suna sayar da baƙar ƙasa a buhu. Yashin da aka ɗebo daga ruwan gishiri kuma sai an wanke shi.

Yanzu maganar taki, wadda ita ce ta gidanmu. Mu da muke harkar dabbobi taki a ƙarƙashin ƙafarmu yake, ko a Oko-Oba, ko Kara da ke kan hanyar Legas zuwa Ibadan, ko Akinyele, ko Amansea, ko Lokpanta. Amma ɗanye da ruɓaɓɓe ba ɗaya ba ne. Ɗanyen kashi yana ɗaukar zafi yayin da yake ruɓewa, yana fitar da warin nan mai hawa kai, su ne ke ƙone saiwa. Yana ɗauke da irin ciyawar da saniya ta ci. Mafi muni, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, ga shi na'a-na'a da lawashi wani lokaci ɗanyu ake cin su. Kashin kaji ma ya fi na shanu zafi.

Sai ya yi wata biyu zuwa uku a tare, ana juya shi duk bayan mako biyu, an rufe shi kada ruwan sama ya wanke shi. Alamar ya nuna guda huɗu ce: ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, in ka cusa hannu ba ka jin ɗumi, ƙamshinsa kuma kamar na ƙasa bayan ruwan farko. A gidan haya kada ka ce za ka ruɓar da shi a tsakar gida, faɗa za ka jawo wa kanka. Ka je kara ka roƙi yaran turke su tono maka daga ƙasan tsohon tari. Rabin buhu ya ishi bokiti biyar.

Asara ta biyu: darasin Agege

Da lambuna ya kama a Jalingo, sai na ɗauka na zama gwani. Yayata tana aure a Agege. Da tafiya ta kama, na naɗe rassan na'a-na'a da ɗoɗɗoya da gindin ciyawar shayi a jiƙaƙƙen buhu, na riƙe su a gaban mota har Legas. Na jera mata bokiti biyar a jikin bango, na ce, "Yaya, safe da yamma za ki riƙa ba su ruwa, kada ki fasa." Haka nake yi a gida, kuma a bazarar Jalingo haka ne daidai.

Wata guda bayan nan, ana tsakiyar ruwan Yuni, ta kira ni. "Kai, shukar nan taka ta mutu fa. Ganye ya yi rawaya ya langaɓe, ni kuwa ban taɓa fasa ba su ruwa ba." Na ce ta tuge ɗaya ta duba. Ta ce saiwar ta yi baƙi tana wari.

Laifina ne. Kurakurai uku na yi. Na ajiye bokitan kai tsaye a kan siminti, ramukan suka toshe. Na jera su daidai inda ruwan kwano ke zuba. Sannan na sa ta ƙara ruwa a kan ruwa. Saiwa ma numfashi take yi. In ƙasa ta cika da ruwa kwana da kwanaki, iska ba ta shiga, sai ta ruɓe. Abin da ke ruɗar mutum shi ne shukar da ruwa ya yi wa yawa tana langaɓewa kamar mai jin ƙishi, sai a ƙara mata, a ƙarasa ta.

A Jalingo damina na farawa wajen Afrilu ko Mayu ta ɗauke a Oktoba, sauran watannin yaƙi muke da fari. A Legas ruwa ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Fatakwal da Kalaba kuwa ruwansu ya ninka namu, watannin da babu shi kaɗan ne. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ga abin da muka gyara a zuwana na gaba:

Muka ɗora kowane bokiti a kan bulo biyu, ruwa na fita ta ƙasa. Muka ƙara huda a gefe, kamar yatsa biyu daga gindi. Muka ƙara yashi a haɗin ƙasar. Muka janye su daga bakin kwano, in an kwana ana ruwa kuma a matsar da su ƙarƙashin baranda. Muka bar tazara tsakaninsu don iska ta ratsa, saboda a laima ganyen da ya cushe shi fumfuna ke kamawa. Sannan muka daina ba da ruwa da agogo. Ƙa'idar ita ce ka cusa yatsa har gaɓa ta biyu. In ka ji danshi, ka ƙyale. In a bushe yake, ka zuba a gindi, ba a kan ganye ba, har ya fara ɗiga ta ƙasa. Da safe ya fi.

Yanzu haka ɗoɗɗoyar Yaya ta fi tawa girma nesa ba kusa ba. Matar da ke ɗakin kusa da nata, Bayarabiya, ita ma ta karɓi reshe, ta kawo mata irin ewedu.

Ƙwari da sauran maƙiya

A Jalingo awaki da kaji ne suka fi damuna, sai da na kewaye wurin da tsohon gidan sauro. A Kudu kuma akwai dodon koɗi, da dare yake fitowa ya cinye toho. Ka fito da tocila bayan isha'i ka tsince su, ka duba ƙarƙashin bokiti da bulo inda suke ɓuya.

Ƙananan ƙwarin da ke manne a bayan ganye su sa ya nannaɗe, in kaɗan ne ka murje su da yatsa ko ka tsinke ganyen. In sun yi yawa, ka daka ganyen dogon yaro, wato darbejiya, cikin hannu biyu, ka jiƙa a ruwa ya kwana, ka tace, ka yayyafa da yamma har bayan ganyen. Ka maimaita bayan mako guda. Kafin ci a wanke sosai, don yana da ɗaci.

Don Allah kada ka fesa Sniper ko fiya-fiya a kan ganyen da iyalinka za su ci. Guba ne, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan amfani da irinsu a kayan abinci. Gara bokiti ɗaya ya lalace ka sake shuka.

Kuma kada ka ajiye faranti a ƙarƙashin bokiti ruwa ya kwanta, gidan sauro ka gina. Wasu na cewa ƙamshin ɗoɗɗoya da ciyawar shayi na korar sauro. Ko ma dai mene ne, ba sa maye gurbin kwana a cikin gidan sauro. Haka nan shayin ganye yana da daɗi ga mai mura, amma in yaro ya yi zazzaɓi a kai shi a gwada jininsa, kada a tsaya dafa ganye. Mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini ko na suga su tambayi likita kafin su mai da wani ganye abin sha na kullum.

Yadda ake tsinka

Mutane da yawa a nan suke kashe abin da suka rena. Kada ka kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a lokaci guda. Ka yanka da wuƙa ko almakashi daidai saman inda ganye biyu suka fito, daga nan sabbin rassa za su ɓullo. Duk wata ka ƙara cikin hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki a saman ƙasar, don ruwa na wanke abincin da ke cikin bokiti. Alayyafo da lalo kuma ka riƙa shuka sabo duk bayan mako uku, kafin wannan ya ƙare wancan ya taso. Ka bar ƙwaya ɗaya ko biyu su yi iri, ka busar ka adana a kwalba.

Mai gida da maƙwabta

Ku baƙi ne a inda kuke, kuma kun fi ni sanin yadda ƙaramin abu ke zama babba. Kafin ka jera komai, ka sanar da mai gida ko wanda ke kula da gidan. Kada ka tare hanya ko wurin shanya. In a bene kake, ka tabbatar ruwa ba ya ɗiga wa na ƙasa, kuma kada ka ɗora bokiti a kan dakalin baranda inda zai iya faɗowa. Girbin farko kuma ka miƙa wa maƙwabta. Wanda ya ci ganyenka shi zai kore maka kaza ranar da ba ka nan. Wani alherin bokiti shi ne in haya ta ƙare, ko zama ya gagara, sai ka ɗora lambunka a mota tare da katifa.

Lissafin ƙarshe

Ba zan ce lambun nan ya sa mun yi arziki ba. Shinkafa da mai da tumatir har yanzu saye muke. Amma lawashi da na'a-na'a da ɗoɗɗoya da zogale sun fita daga lissafin cefanen gidanmu, kuma canjin da ake tsinta kullum in aka tara shi a wata ba ƙarami ba ne. Baba, wanda da farko ya ce ɗan falke ya koma wasan ƙasa, yanzu in zai yi tafiya shi ke cewa a ƙulla masa ciyawar shayi a leda.

In za ka fara, wannan makon ka nemi bokiti ɗaya, ka huda shi, ka ɗora a kan bulo, ka binne gindin lawashin da aka yi miya da shi yau. In ya yi toho ka ƙara na biyu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Allah ya sa albarka a nema, ya tsare ku a inda kuke, ya dawo da matafiya gida lafiya.